Tarihin Masu Farfaɗo da Tsofaffin Motoci, da Yadda Suka Koyi Tsara Aikin

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau mota za mu taɓa, tsohuwar mota. Akwai mutane a duniyar nan da sha'awarsu ita ce su sayi motar da ta shekara talatin ko hamsin a mace, su kwance ta har kusa ta ƙarshe, su gyara, su mayar da ita tana tafiya. Ba kanikawa ba ne fa. Wani malamin makaranta ne, wani akawu, wani ɗan fansho, ranar Asabar da Lahadi kawai yake shiga garejin gidansa. A Ingila da Amurka wannan sha'awa ta doshi shekara ɗari. Abin da nake so mu bi a tarihinta shi ne yadda suka koyi tsara aikin: me ake fara yi, me ake bari sai ƙarshe, kuma me ya sa. Domin idan ka duba tallan tsofaffin motoci a can, za ka riƙa cin karo da mota a kwance, kayanta cikin kwalaye, mai ita ya rubuta cewa aiki ne da ba a gama ba. Ya kwance ta da zumuɗi, shekaru sun wuce, ya kasa mayarwa, yanzu yana neman wanda zai kwashe a farashin banza.

Bari mu fara daga Ingila. A 1865 sun yi wata doka da ta ce abin hawa mai inji kada ya wuce mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari, kuma sai mutum ya riƙa tafiya a ƙasa a gabansa riƙe da jar tuta. Ku yi tunanin wannan: kana da mota, amma ga wani bawan Allah yana tafe gabanka da ƙafa. A 1896 aka sassauta, aka ɗaga gudun zuwa mil 14. Don murna, ranar 14 ga Nuwamba na shekarar, masu motoci suka yi jerin gwano daga Landan zuwa garin Brighton da ke bakin teku, tafiyar mil hamsin da wani abu.

Shekara talatin da ɗaya bayan nan, a 1927, wasu jaridu suka shirya a maimaita tafiyar, amma da tsofaffin motocin wancan zamani. Nan aka fara zaƙulo su daga rumbunan gona da bayan gidaje, inda kaji suka mayar da su akurki. A 1930 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu, Veteran Car Club. Har yau ana yin tafiyar a Lahadin farko ta Nuwamba, kuma sharaɗin shi ne motar ta kasance an ƙera ta kafin 1905.

Wannan sharaɗi shi ya haifar da darasi na farko. Ta yaya za ka tabbatar motarka ta 1904 ce ba ta 1906 ba, alhali kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa? Dole ƙungiyar ta sa mutanen da aikinsu shi ne tantance shekarun mota. Su duba lambar shasi, lambar inji, tsofaffin takardun talla, tsofaffin hotuna. Sai masu gyara suka gane cewa idan ka yi gaggawar goge wani ƙarfe ko ka jefar da wata tsohuwar faranti mai lamba, ka jefar da shaidar motar ke nan. Tun daga nan bincike ya riga sifana shiga aiki.

A Amurka ma an kafa irin wannan ƙungiya a 1935. Wanda ya kai abin ƙololuwa a can shi ne Bill Harrah, wani attajiri mai gidajen caca a garin Reno, wanda ya tara motoci kusan 1,400. Yana da ma'aikatan gyara nasa na kansa, kuma yana da ɗakin karatu guda na takardun motoci, inda ake binciko ainihin launin fenti da irin yadin kujera kafin a taɓa mota. Bayan ya mutu a 1978 an yi gwanjon yawancin motocin, amma an ajiye wasu 175 tare da ɗakin karatun, su ne suka zama gidan tarihin motoci da aka buɗe a Reno a 1989. To amma wannan harkar masu kuɗi ce. Talaka mai gareji ɗaya da fitila ɗaya fa?

Nan ne labarin da na fi so ya shigo, labarin John Haynes.

An haife shi a 1938 a ƙasar da ake kira Sri Lanka yanzu, inda mahaifinsa ke kula da gonar shayi. Aka tura shi makarantar kwana a Ingila. A wancan lokaci akwai wata ƙaramar mota, Austin 7, da aka ƙera daga 1922 zuwa 1939. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zama araha, samari suna saye su cire bodin su ɗora wani mara nauyi don tsere. Haynes ya lallaɓi malaminsa ya ƙyale shi daga wasan ƙwallon zari-ruga, ya yi amfani da lokacin ya haɗa tasa. Da ya sa ta a kasuwa sai ya ga mutane sun yi ca, ba motar kaɗai suke so ba, suna so su san yadda ya yi. Sai ya rubuta ɗan littafi da zane-zanensa na hannu a 1956. Ya buga kwafi 250, cikin kwana goma suka ƙare. Yaro ɗan shekara goma sha takwas fa.

Daga baya ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya. A 1965 aka tura shi Aden, wadda ke cikin Yemen a yau, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Wani abokin aikinsa ya sayi wata ƙaramar mota Austin-Healey Sprite da ta sha jiki, ya roƙe shi ya taya shi gyara. Suka ɗauko littafin gyara na kamfanin, sai Haynes ya ga matsalar. An rubuta littafin ne don ƙwararren makanike mai kayan aiki na musamman, wanda ya riga ya san abubuwan da ba a faɗa ba. Littafin zai ce a cire kaza, bai gaya maka cewa kafin ka kai ga kazan sai ka cire abubuwa uku da suka tare shi ba. Sai Haynes ya sayi kyamara. Duk abin da suka kwance sai ya ɗauki hoto, mataki bayan mataki, haka ma wajen mayarwa. A 1966 littafin ya fito, kwafi 3,000 suka ƙare cikin ƙasa da wata uku.

Daga nan kamfaninsa ya riƙe wannan ƙa'ida: kafin a rubuta littafin kowace mota, sai an sayo ta, an kwance ta gaba ɗaya, an ɗauki hoto, an mayar. Sun sayar da littattafai sama da miliyan 200. A Amurka wani injiniya mai suna John Muir, wanda ya bar aikin kamfanin jiragen sama ya koma gyaran Volkswagen, ya yi makamancin haka a 1969, ya rubuta littafi cikin harshen hira, da zanen hannu, don wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Shi ma ya sayar da sama da miliyan biyu.

Ni a ganina, abin da mutanen nan biyu suka ba masu wannan sha'awa ya wuce bayanin inji. Sun nuna musu cewa ƙwaƙwalwa ba abar dogaro ba ce. Ranar da kake kwance kafireto kana ganin ba za ka taɓa manta inda wannan ɗan sifirin yake ba. Bayan wata goma sha takwas, wallahi ko kafireton ba za ka tuna a wane kwali ka sa shi ba. Makanike na gareji yana kwancewa da safe ya mayar da yamma, kuma ya yi irin aikin sau ɗari, hannunsa ya haddace. Mai sha'awa kuwa sau ɗaya zai yi a rayuwarsa, kuma tsakanin kwancewa da mayarwa akwai shekaru, akwai aure, akwai haihuwa, akwai canjin gida. Shi ya sa al'adarsu ta zama hoto kafin a taɓa, hoto bayan an cire, kowane rukunin kusoshi da noti a ledarsa da rubutu a jiki, kowace waya da 'yar takarda a maƙale, da littafi guda da ake rubuta abin da aka yi yau, abin da ya lalace, da abin da za a saya. Kuma ba a jefar da tsohon abu sai sabon ya zo an gwada ya zauna daidai.

To yanzu jerin aikin kansa. Ba wani mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara shi ba, asara ce ta koya musu.

Kowa zuciyarsa na kan inji. Shi ne abin sha'awa, shi ne ake so a ji ya yi ƙara. Mutane da dama sun fara da shi, suka kashe kuɗi kan fistin da ringi da gaskit, inji ya dawo sabo fil, sai a lokacin suka ɗaga kafet suka ga ƙasan motar tsatsa ta cinye shi, kuɗin walda ya ninka darajar motar. Inji kuma yana ajiye a lungu shekara uku, danshi ya shiga, ya fara tsatsa daga ciki. Saboda haka ƙa'idar ta zama a fara da abin da zai iya kashe aikin gaba ɗaya, wato bodi da shasi. A kankare, a ga iyakar ɓarnar, a yi lissafi. Idan abin ya fi ƙarfin aljihu, gara a sani tun kuɗi na hannu.

Bayan walda sai gwaji. Ƙofofi, bonet, but, bamba, duk sai an ɗaura su an ga sun zauna kafin fenti, domin idan ƙofa ta ƙi rufuwa bayan an yi fenti, guduma za ta taɓa sabon fentin. Sannan ƙafafun mota, birki da sitiyari, don ta iya tsayawa kan tayoyinta a tura ta. Man birki yana cin fenti, wannan ma dalili ne na yin taka-tsantsan da lokacin da ake zuba shi. Wayoyin wuta suna shiga kafin kafet da kujeru, tunda ƙarƙashinsu suke bi. A yawancin tsofaffin motoci rufin ciki yana shiga kafin gilashi, saboda robar gilashin ce take danne bakin yadin. Wanda ya sa gilashi da wuri sai ya sake cirewa, kuma tsohon gilashi idan ya fashe, samun irinsa wani aikin ne. Kujeru su ne kusan ƙarshe, don kada baƙin mai ya ɓata su. Taya da batir kuwa sai ana gab da tayar da mota ake saye, domin suna tsufa ko ba a yi amfani da su ba.

Akwai kuma ayyukan da ba a hannunka suke ba, kamar wanke ƙarafa masu ƙyalli a sake musu rufi, ko kai inji wurin masu injin gyaran silinda, ko neman wani ɗan abu da aka daina ƙerawa. Waɗannan ana tura su tun da wuri, su yi ta jiran layi kana wani aikin. Neman kayan gyara ma ya zama harka mai zaman kanta. A 1954 wani mutum mai suna Ernest Hemmings a jihar Illinois ya fara buga 'yar takarda mai shafi huɗu ta tallan kayan tsofaffin motoci, ta girma ta zama babbar mujalla. A Ingila, a 1988, an koma ƙera sabon bodin motar MGB da ainihin injinan kamfanin na da, saboda yawan masu gyaran da tsatsa ta gama da nasu.

Sai wata muhawara da har yau ba ta mutu ba a tsakaninsu: a kwance mota gaba ɗaya lokaci guda, ko a riƙa gyara ta kashi-kashi tana tafiya? Kwancewa gaba ɗaya ita ke ba da aiki mafi kyau, amma ita ce ke cika kwalaye. Ni dai ina bayan ta biyun ga duk wanda wannan ne karonsa na farko. Ka gyara birki wannan watan, ka zaga unguwa da ita, ka ji daɗi, wata mai zuwa ka taɓa lagireto. Motar da ke tashi tana riƙe zuciyar mai ita. Wadda ta koma tarin ƙarfe kuwa kullum ka buɗe gareji sai gabanka ya faɗi, har ka daina buɗewa.

Amma akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, kuma ita ce suka fi daɗewa kafin su koya: shin ma ya kamata a sabunta motar? Shekaru da yawa burin kowa shi ne mota ta fi yadda ta fito daga kamfani ƙyalli. A haka aka kankare fentin asali, aka yage fatar kujerun da suka shekara sittin, aka shafe tarihi da sunan gyara. Sannu a hankali ra'ayi ya juya. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin ababen hawa, FIVA, ta fitar da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, ta fara aiki a 2013. Ta bambanta adanawa da gyarawa da sabuntawa, ta ce a taɓa abin da ya zama dole kawai, kuma duk abin da aka canja a rubuta shi. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Amurka, wadda ake yi tun 1950 kuma ta shahara da motoci masu ƙyalli kamar madubi, motar da ta zo ta ɗaya wata Bugatti ce ta 1934 da ba a sabunta ba, da ƙujewarta da komai. Karon farko ke nan da irin haka ta faru a gasar.

Wannan batu mu ma muna da misalinsa a gida. Duk wanda ya je gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas zai ga baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Ka ce wani fanalbita ya toshe ramukan ya fesa sabon fenti? Ai ya gama da ita. Darajarta tana cikin ramukan nan.

Tunda mun dawo gida, bari mu yi maganar Fijo. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ta 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, Kaduna, a zamanin Gowon, kuma a shekarar ce Volkswagen ta fara haɗa motarta mai kama da kunkuru a Legas. Turai ta daina ƙera 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Motar gwamna ce, motar babban sakatare, motar ɗaukar amarya, motar tasha daga Kano zuwa Maiduguri. Iyayenmu da yawa a cikinta suka koyi tuƙi. Yau kuwa ka shiga kowace tsohuwar unguwa a Kaduna ko Zariya ko Kano, za ka ga ɗaya a gindin bishiya, tayoyi sun nutse a ƙasa, awaki na hutawa a inuwarta, ana jiran ɗan gwangwan ya zo ya auna ta a kilo.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu muna da abin da Bature mai wannan sha'awa yake nema da kuɗi. A Ingila ana zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan shi ke cin ƙasan motocinsu. Mu a Arewa iskarmu busasshiya ce, ƙarfe yana daɗewa. Abin da ke kashe tamu rana ce da ƙura da ɓera: robobi su bushe su tsage, dashbod ya fashe, kujeru su ƙone, ɓera ya ci wayoyi. Ke nan ko jerin aikin ma zai ɗan bambanta a wurinmu, mai yiwuwa rewaya da mai ɗinkin kujera su fi mai walda cin kuɗi. Muna da Panteka a Kaduna, muna da Ƙofar Ruwa a Kano, inda har yanzu ake tsintar kayan Fijo. Sama da duka, muna da dattawan kanikawa da suka shekara talatin a kan 504, waɗanda daga jin ƙarar inji za su gaya maka abin da ke damunsa. Sai dai ilimin nasu a ka yake da hannu, kuma yaran garejin yanzu Toyota da Honda suke koya.

Kyamarar da Haynes ya je ya saya a Aden, yau tana aljihun kowannenmu, kuma ta fi tasa nesa ba kusa ba. Shi ya mutu a Fabrairun 2019 yana da shekara 80, kuma a ƙarshen 2020 kamfanin ya sanar cewa sababbin littattafan gyaransa za su koma intanet, ba takarda ba. Idan akwai irin wannan mota a gidanku, kafin a yi maganar sayarwa ko gyarawa, ka zagaya ta da waya ka ɗauki hoton ko'ina, har da lambar shasi da ta inji. Ka tambayi Baba ko Kawu takardunta, da shekarar da aka saye ta, da sunan makaniken da ya saba taɓa ta, ko yana raye. Kada a yi gaggawar sa batir a murza makulli, injin da ya daɗe a tsaye sai an duba mai, an cire filogi, an juya shi da hannu an ji ko yana motsi. A ɗaga ta daga ƙasa a ɗora kan bulo, a rufe ta daga rana.

Nan za mu dakata a yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.